Hannun Dama na Babanku

Na daɗe ina juya wannan magana a raina, ko in rubuta ko in bari ta bi ni kabari. Na yi wa babanku alkawarin ba zan faɗa wa matan zumunta ba, kuma ban faɗa ba. Ban tuna na yi masa alkawari game da ku ba, ko da yake mai yiwuwa da yana raye zai ce duk ɗaya ne. Abin da ya tura ni shi ne tambayar da Na'omi ta yi mini bayan jana'izarsa, muna zaune a tsakar gida ana tattara kujeru. Ba da faɗa ta yi ba.

“Mama, har yau ban gane abin da ya sa kika tsaya gaban ikkilisiya kika ƙaryata abin da Allah ya yi wa Baba ba.”

Na ce mata sai wata rana. To, Na'omi, ke da Dauda, ga ranar ta zo.

A shekarar da abin ya faru muna haya a Kwamba, cikin Suleja, ɗaki biyu da falo. Ni ina koyar da ilimin halittu a wata sakandare a hanyar Tafa, babanku kuma yana bin motocin Abuja kowace safiya zuwa ofis. Ba mu da dangi a Suleja, duk suna can Filato, sai dai gaisuwa ta waya. Ikkilisiya ce danginmu, musamman zumuntar mata. Ku da kuka fi saninsa a kan kujera ba lallai ku tuna irin mutumin da yake kafin ciwon ba. Babanku ba ya iya cin abinci shi kaɗai. In babu baƙo sai ya leƙa waje ya kira mai gyaran takalmi ko mai tura ruwa, ya ce a ƙaro cokali. Ni ce mai tsoron mutane, mai auna magana sau da yawa kafin ta fita. Shi kuwa da mutane yake numfashi.

Farkon damina ya faɗi, yana sunkuye yana ɗaura igiyar takalmi. A asibiti suka ce hawan jini ne, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. A hankali ƙafar ta ɗan dawo, har yana jan ta da sanda daga gado zuwa falo. Magana ma ta dawo, da nauyi, kamar mai tauna abu. Hannun ne ya ƙi. Abokan aikinsa sun zo a makonnin farko, da lemo da barkwanci, sannan suka fara aiko da gaisuwa, sannan gaisuwar ma ta tsaya. Ban zarge su ba. Wanda ya kwana biyu yana bin hanyar Abuja ya san ba ta barin mutum da sauran ƙarfi.

Matan zumunta ne ba su gaji ba, kuma ina so ku riƙe wannan kafin ku karanta sauran. Kowace Alhamis, in an tashi daga taro, sai su ɗauko kayan kiɗansu, tulu da kacau-kacau, su nufo gidanmu cikin zanen zumunta, su cika falo har bakin ƙofa. Wata ta kawo garin masara, wata ta kama wanki, wata ta ja Dauda gefe ta tambaye shi karatu. Shugabarmu a lokacin Mama Saratu ce, gwauruwa mai sayar da hatsi a kasuwa, mace mai murya kamar lasifika da zuciya mai faɗi. Ita ta raɗa mini suna Malama Wataƙila, domin ta ce ko an tambaye ni sunana sai na ce bari in duba tukuna. Bayan waƙa da addu'a takan tsaya gaban babanku, yana zaune a kujerarsa da zane lulluɓe daga ƙirji zuwa gwiwa saboda sanyin da ɓarin nan yake ji, ta ce:

“Baba Bitrus, a cikin sunan Yesu, ɗaga mana hannun nan mu gani.”

An daɗe hannun bai motsa ba. Sai wata Alhamis ya tashi, kaɗan, kamar tsawon yatsa daga kan cinyarsa. Falo ya kaure da guɗa. Ni ma na yi kuka, na durƙusa a kan siminti. Mako na gaba ya ƙara tashi. Abin da ya dame ni, kuma na ji kunyar damuwar, shi ne a sauran kwanakin hannun ba ya yin komai. Ni nake masa wanka, ni nake sa masa riga, na san nauyin hannun nan. Mai yi masa gashin jiki a asibiti ma bai ga canji ba. Na gaya wa kaina wataƙila sai cikin taron masu bi Ubangiji yake so ya nuna ikonsa. Na gaya wa kaina wataƙila karatuna ne yake rufe mini ido.

Wata Alhamis aka riƙe mu a makaranta, na dawo a makare na tarar har sun yi nisa. Takalma sun tare ƙofar falo, sai na zagaya ta kicin. Daga ƙofar kicin gefen kujerarsa ake gani, wajen bango, inda ba mai tsayawa. Zanen ya ɗan zame ta nan. Mama Saratu ta yi kiranta, ni kuma ina kallo hannun babanku na hagu ya ratsa ta kan cikinsa a ƙarƙashin zane, ya tallafi gwiwar hannun dama, ya tura ta sama. Mata suka rangaɗa guɗa. Na koma kicin na tsaya gaban tukunya, ban san tsawon lokacin da na yi a wurin ba.

Washegari da safe ina masa wanka, na ɗaga hannun na ce, “Baban Na'omi, riƙe shi a nan.” Na saki. Ya faɗo kan cinyarsa kamar jiƙaƙƙen tsumma. Ya juya fuska wajen bango.

“Kin gani ke nan.”

“Na gani.”

“Ran farko ba da niyya na yi ba, Rahila. Nauyi ya yi mini, ina gyara shi, suka hau guɗa. Me zan ce musu? Mama Saratu azumi take yi saboda ni, tsohuwa da gyambon ciki. Su taso cikin ruwan sama, su yi ta waƙa, su koma ba su ga komai ba?”

“Amma ai ba gaskiya ba ne.”

“Na sani. Ke ma kin san mutane. In suka yi ta zuwa ba canji, gajiya za su yi. 'Yan ofis ba su gaji ba? Ranar Alhamis kaɗai nake jin har yanzu ni mutum ne.” Ruwa yana ɗiga daga haɓarsa. “Kada ki faɗa musu. Ki rufa mini asiri.”

Na yi masa alkawari. Ban ga yadda zan ƙi ba, mutum yana zaune tsirara a kan kujerar roba yana roƙona da rabin baki. Na roƙe shi ya daina, ya ce zai daina a hankali. Bai daina ba, kuma ina jin ba zai iya ba, domin kowace Alhamis suna zuwa da sa rai fiye da na baya.

Da kaka ta yi aka sa Lahadin Godiya. Mama Saratu ta tare ni bayan sujada a coci, fuskarta cike da murna, ta ce zumunta ta zauna, ni zan ba da shaidar shekara a gaban ikkilisiya duka, kuma a kawo Baba Bitrus ya ɗaga hannu kowa ya gani. Na ce zama mai tsawo yana ba shi wahala, wannan kuwa gaskiya ne. Na ce ko za mu ɗan jira, wataƙila zuwa baɗi.

“Jiran me, Malama Wataƙila? Allah ya yi aikinsa, ke kina jiran sakamakon gwaji? In Baba ba zai iya zuwa ba, ke bakinki ai bai shanye ba.”

Matan da ke wurin suka yi dariya, ni ma na yi. Kwanakin da suka biyo baya ban san ɗanɗanon abinci ba. Na gwada jimloli iri-iri a raina, ina neman wadda ba ƙarya ba ce kuma ba za ta kunyata kowa ba. Na yi tunanin in ce ba ni da lafiya in ƙi zuwa, sai na ga wata za a sa ta faɗa a madadina, da ƙari. Babanku ya ce in ce kawai an ga hannu ya tashi, ai an gani. Na kusa yarda. Amma duk sanda na kwatanta kaina tsaye gaban bagade ina faɗar haka, sai in tuna akwai masu ciwo a cikin ikkilisiyar nan, da masu jinyar da suka fi ni daɗewa, waɗanda za su koma gida suna tambayar me ya rage wa tasu addu'ar. Ban ce wannan ne ya fi nauyi ba. Mai yiwuwa tsoro ne kawai, tsoron in buɗe baki da ƙarya a wurin da nake karɓar gurasar jibin Ubangiji.

Ranar ta zo. Na'omi, kina cikin mawaƙa, kin ga abin da na gani: doya a jere gaban bagade, buhunan masara, kaji a ɗaure suna kuka, ƙungiya bayan ƙungiya suna rawa suna kawo baikonsu na godiya. Zumunta ta rako ni gaba da waƙa, Mama Saratu tana riƙe da hannuna. Aka ba ni makirufo. In ban manta ba, ga abin da na ce:

“Ina gode wa Ubangiji, mijina yana da rai. Yana magana, yana takawa da sanda. Ina gode wa matan zumunta, ba su bar mu ba. Amma hannunsa bai warke ba. Ban sani ba ko zai warke. Ina roƙo ku ci gaba da yi mana addu'a.”

Mai ganga ya riga ya ɗaga sanda yana jiran a ce halleluya. Ya sauke ta a hankali. Mama Saratu ta saki hannuna.

“Rahila, mun gani da idonmu,” ta ce, ba ta bukatar makirufo. “Mu nan duka mun gani.”

Amsar tana bakina, gajeriya, da za ta wanke ni nan take. Na dubi ƙasa. Fasto ya ɗauko waƙa da sauri, aka ci gaba da sujada, na koma wurin zamana ina jin idanu a bayan wuyana. A hanyar gida, Na'omi, kika ce na ba ku kunya, kika wuce gaba. Ban riƙe ki da wannan ba ko sau ɗaya. Abin da kika gani shi kika faɗa.

Alhamis ta zagayo. Na dama kunun zaƙi kamar kullum, na wanke kofuna, na kawar da tebur don a sami wuri. Babanku ya sa na sa masa farar rigarsa, ya zauna yana fuskantar ƙofa. Duk keke napep ɗin da ya tsaya a layi sai ya ɗaga kai. Rana ta yi sanyi, yaran maƙwabta suka bar wasa suka shige gida, babu wanda ya zo. Da na zo kwashe kofunan ya dube ni.

“Kin huta?”

Iyakar abin da ya ce ke nan. Daga ranar maganarsa da ni ta koma ta bukata: ruwa, magani, sanda. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Gida ɗaya, gado ɗaya, ina wanke jikinsa kowace safiya, amma kamar akwai kogi tsakaninmu.

Ba na so ku ɗauka matan nan mugunta suka yi. Ta wajensu, sun yi azumi, sun ga amsa, ni kuma na tashi a bainar jama'a na mai da su maƙaryata ko marasa hankali. Na ji an ce boko ya cinye mini bangaskiya. Na ji an ce gidan da uwargida take rushe addu'a da bakinta, zuwa ɓata lokaci ne. Ban daina zuwa taron zumunta ba, ina ɗaura zanena in je in zauna, amma aka daina kirana in buɗe da addu'a, benci kuma yakan yi faɗi a inda na zauna. Fasto ya kira ni ofishinsa, mutum mai haƙuri, ya tambaye ni ko akwai abin da bai sani ba.

“Akwai, Fasto,” na ce, “amma ba nawa ba ne.”

Ya daɗe yana kallona, ya yi mini addu'a, ya sallame ni. Yana zuwa duba babanku lokaci-lokaci, shi da wani dattijo, amma ziyarar maza biyu masu duba agogo ba ta cika falo.

Abin da ya fi ci mini rai a watannin nan ba shirun mutane ba ne. Tsoro ne cewa wataƙila suna da gaskiya. Ba game da abin da na gani daga ƙofar kicin ba, wannan na tabbata. Amma idan Ubangiji yana gab da taɓa hannun nan, ni kuma na tsaya na ce ban sani ba, ya fasa fa? Kowace safiya ina shafa masa mai ina duban yatsun, ina jin kamar ni na kashe su. Doguwar addu'a ta gagare ni. A cikin keke, a hanyar makaranta, abin da nake iya cewa kawai shi ne, “Ya Yesu, kai ka sani.” Wani lokaci ba na jin komai bayan na faɗa. Wani lokaci nakan ji kamar an ɗan rage mini kaya, daidai yadda zan kai yamma. Ba ni da wani babban labari da ya wuce wannan. Na taso ina ɗauka dogara ga Allah ita ce mutum ya tabbata abin da yake roƙo zai faru. A shekarar nan na fara tunanin wataƙila akwai wata iri, ta wanda bai tabbata da komai ba amma bai san wata ƙofar da zai je ya tsaya ba. Ban ce ta fi ta Mama Saratu ba. Ita ce dai aka ba ni.

Kirsimeti ya wuce mu shiru. Kuna nan, kun ga yadda aka dafa shinkafa ta yi kwana a tukunya. Da kuka koma makaranta gidan ya ƙara girma.

Da zafi ya shigo sosai, wata rana da rana tsaka ina gyara masa zanen, ya ture shi da ƙafa ya faɗi ƙasa. Na sunkuya zan ɗauka ya ce in bar shi. Ya zauna yana kallon hannun a fili, ya rame, yatsun sun lanƙwashe ciki. Ya daɗe a haka.

“Da kin faɗa musu ni ne, da tuni sun yafe miki.”

“Na yi maka alkawari.”

“Ke da alkawari,” ya ce, ya girgiza kai. Ban gane ko yabo ne ko zargi ba, har yau ban gane ba. Can ya ce, “Lahadin Ista akwai jibin Ubangiji. Ki nemo keke.”

Tun faɗuwarsa bai taka coci ba. Ya zaɓi riga mai gajeren hannu, na kawo mai dogo ya ƙi. Malam Garba maƙwabcinmu mai keke ya taimaka muka ɗora shi, yana cewa, “Baba Bitrus, yau gari zai yi albarka, an daɗe ba a ji surutunka a layi ba.” Babanku ya yi dariya, irin wadda na manta sautinta. Muka shiga ana waƙar farko, yana jan ƙafa, sanda a hagu, hannun dama yana reto a gefensa kowa yana gani. Sai da muka ratsa ta gaban bencin zumunta. Mama Saratu ta dubi hannun, ta daɗe, sannan ta dube ni. Ban san abin da ta fahimta ba. Daga baya takan aiko da gero, wasu matan ma suka riƙa leƙowa ɗaya-ɗaya, amma tulu da kacau-kacau ba su sake shiga falonmu ba, hannun kuma bai tashi ba har ya koma ga Ubangiji.

Aka zo rabon jibin Ubangiji. Kun san yadda aka rene mu, ba a karɓar abu da hagu ko daga hannun yaro, balle a teburin Ubangiji. Sai a lokacin na gane abin da ya sa duk sanda Fasto ya ce zai kawo masa jibi gida yakan ce a bari tukuna. Dattijon da ke rabawa ya iso bencinmu da farantin gurasa, ya tsaya, ya dubi hannun, ya dube ni, yana jira in ɗaukar masa. Na miƙa hannu. Babanku ya tare ni da kafaɗa.

“Bari, Rahila,” ya ce, da muryar nan mai nauyi, har na bencin gaba suka juyo. “Wannan hannun Ubangiji ya bar mini. Da shi zan karɓa.”

Ya jingina sandarsa, ya miƙa hagun, ya ɗauki gutsuren ya ci. Sannan ya karɓi farantin daga hannun dattijon, ya juyo, ya dubi idona karo na farko tun kaka, ya miƙo mini da hannun nan. Na sa hannu biyu na karɓa.